Ciyawar da Mai Fenti Ya Ƙi Zanawa

Mai Fenti yana da wata ɗabi'a da ke ba abokan sana'arsa dariya: ba ya zana abin da bai gani da idonsa ba. Shi ya sa da yayansa ya kawo babbar motar gonarsa, ya ce a zana masa kaza tana kiwo cikin ciyawa a jikinta, sai Mai Fenti ya ce a kawo masa kazar tukuna.

Yayan nan kuwa ba a ja da shi. Shi ya riƙe Mai Fenti bayan rasuwar mahaifinsu, shagon fentin ma nasa ne. Kaji dubu arba'in gare shi a keji hawa biyar, kuma ƙanen bai taɓa ce masa a'a ba, ko da wasa.

Washegari da hantsi yayan ya zo da kaza a kwali, aka sauke ta bayan shago, inda 'yar ciyawa ta tsiro a gindin famfo. Wuyanta ba gashi, an datse mata baki, faratanta sun yi zaƙo-zaƙo har sun lanƙwashe. Ta yi taku biyu ta kife. Ciyawar ko kallonta ba ta yi ba. Tausayi ya kama Mai Fenti, haushi ya biyo baya.

"Yaya, wannan ai ba ta iya tafiya ba."

"Tafiya na aike ta? Ƙwai take yi. Zana min mai ƙiba, ka zuba mata ciyawa."

"In kejin ba abin kunya ba ne, mu zana kejin mana."

Yayan ya yi tsaki. "A keji ta tashi, ba ta san wata rayuwa ba. Me ta rasa?"

"Ni ma da ka kulle ni a ɗaki tun ina yaro, da ban san wata ba. Sai ya zama ba ka cuce ni ba?"

Yayan ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya, wanda hakan ya fi tsawarsa ban tsoro. "To malamin kaji, saurara. Matar da ke da yara shida, ƙwan nan mai araha shi ne naman gidanta. In na saki kajin a fili, ƙwai ya fi ƙarfinta. Mutum talatin ke ci a ƙarƙashina. Kai kanka me ka karya da shi yau?"

Nan fa aka kama Mai Fenti. Ƙwai ya ci, har biyu, ya kuma suɗe kwano. Kunya ta rufe shi, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Ƙwai na ci. Maganar matar nan kuma ba ni da amsarta, ka fi ni gaskiya a nan. Amma ka bar ta ta san abin da take saye. Ciyawar da kazar nan ba ta taɓa takawa ba, hannuna ba zai zana ta ba."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Kai nake faɗa wa, Yaya. Ka yi haƙuri."

Yayan ya miƙo tafin hannu. "Makullin shagon."

Mai Fenti ya ciro makullin ya ɗora masa. Ya tattara burusansa ya cusa a aljihu, ya sunkuya ya ɗauki kazar.

"Wannan tawa ce," in ji yayan.

"Sai dai ka ƙwace ta, Yaya."

Ya bi ta gabansa ya fita titi, yayan bai ɗaga hannu ba.