Kusurwar Ƙasa ta Hagu

A tsakiyar ɗaki na uku na gidan zane-zane Mista Geddes ya ja ya tsaya, ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya ƙura wa wani zane ido kamar zanen ne ya tsayar da shi. Morag ba ta ruɗu ba. Shekara talatin ƙofarta na kallon tasa a bene ɗaya, ta san mutumin nan bai taɓa kallon zane don zanen ba. Numfashi ne ya ƙare masa.

"Mista Geddes, mu zauna."

"Wa ya ce miki na gaji?"

"Leɓenka. Ya yi shuɗi."

"Sanyi ne, yarinya."

Shekararta sittin da uku, da jikoki huɗu, amma a bakinsa yarinya take, ta kuma daina gyara masa tun tuni. Ta kama gwiwar hannunsa ta kai shi kan bencin fata da ke tsakiyar ɗakin. Ya zauna da nauyi, ya zare hularsa ya ɗora a cinya.

Mako biyu ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, zuciyarsa ta kusa tafiya da shi. Likita ya ce ban da matakala, ban da wahala. Gidansu kuwa a hawa na uku yake, taka hamsin da huɗu daga titi. 'Yarsa Rhona, da za ta koma bakin aikinta a Aberdeen, ta danƙa wa Morag makulli, ta riƙe hannunta a bakin ƙofa ta ce ta yi mata alkawari ba za ta bar shi ya sauka ba. Morag ta yi alkawarin da zuciya ɗaya.

Sai ga shi yau da safe ya ƙwanƙwasa mata, ya ci kwat da nakatai, takalmi na ƙyalli, da guntun jarida a hannu. Gidan zane-zanen birni, inda ake ajiye aikin masu zanen Scotland na zamani, ya fito da waɗansu tsofaffin zane daga ma'ajiya. Ya ce za shi, da ita ko ba ita. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, har ta tsaya a kan matakala ta buɗe hannuwa. Ya ce to ta yi ta tsayuwa, ai za ta shiga banɗaki. Taurin kan tsohon nan ba wanda bai san shi ba a unguwar. Da ta ga in ta ƙi shi kaɗai zai tafi, sai ta ɗauko rigar ruwanta ta kira tasi.

Kuma ba zanen zai gani ba. Shekara hamsin ya yi yana sassaƙa firam ɗin da ake sa zane a ciki, a wani ɗan shago bayan tashar jirgi. A cikin dubban da ya haɗa, guda ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Yana saurayi wata mai zane ta matsa masa lamba, ya yi mata aiki da katakon da bai gama bushewa ba, kusurwar ƙasa ta hagu ba ta zauna masa yadda yake so ba. Matar ta biya, ta yi godiya, ta mutu, zanen ya shige ma'ajiya. Shi kuwa ya tabbata haɗin ya tsage, kuma duk wanda ya juya bayan firam ɗin zai ga sunan Hector Geddes.

"A ɗaki na nawa yake?" in ji Morag.

"Na biyar. Saura biyu."

"Bari in karɓo maka keken da suke bayarwa a ƙasa."

"A turo ni gaban aikina kamar buhun dankali? Sai dai ke ki hau."

Wayarta ta fara rawa a aljihu. Tun kafin ta duba ta san ko wace ce. Ta juya masa baya, ta rufe baki da tafin hannu.

"Morag, na kira gidan sau biyu, bai ɗauka ba."

"Yana zaune, yana hutawa."

"Me ya sa kike raɗa?"

"Kada in dame shi ne."

"Ya ci abinci? Ya sha maganin rana?"

"Ya sha. Zan kira ki an jima, Rhona."

Ta kashe, kunya ta rufe ta har wuya. Ita da ta yi shekara ashirin tana dafa wa 'yan makaranta abinci tana kama masu ƙarya da ido kawai, yau ga ta ta shirga tata. Da ta waiwayo sai ta ga ya ciro ɗan maganin da yake fesawa a ƙarƙashin harshe, ya kasa cire murfin. Ta fizge ta buɗe ta fesa masa. Suka jira. Goshinsa ya jiƙe da gumi, a ɗakin da ita ko maɓallin rigarta ba ta ɓalle ba saboda sanyi.

A bakin ƙofa wata ma'aikaciya tana tsaye cikin baƙaƙen kaya, da 'yar rediyon magana a ƙugu. Taku goma ne tsakaninsu. Morag ta yunƙura, ya cafke bakin rigarta.

"Kada ki tara mini jama'a."

"Sake ni, Mista Geddes. Ba ka da lafiya."

"Ƙwannafi ne."

"Ƙwannafin me? Ko shayinka ba ka shanye ba!"

"Sassauta murya, ana kallonmu."

Ba mai kallonsu. Wani miji da mata ne kawai suke karanta rubutun da ke gefen wani zane, da wata ɗaliba tana kwaikwaya a littafi. Amma haka tsofaffin Edinburgh suke, gara ƙafar mutum ta karye ya yi shiru da a ce ya ta da hankalin baƙi a wurin da ake tafiya a hankali. Abin haushin kuma, ita ma 'yar garin ce. Sai ga shi ta rage muryar.

"Ki saurare ni," ya ce, yana yanka maganar gutsi-gutsi. "In kin kira su, ɗauke ni za su yi. Ba zan sake fitowa ba, ke ma kin sani. Je ki gano mini. Teku ne, da jan jirgi. Ƙasa, ta hagu. In kin dawo, ki kira wanda kika ga dama."

"In bar ka nan kai kaɗai?"

"Ina zan je?"

"Rhona za ta kashe ni."

"Za ta yi. Amma ba yau ba." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. "Don Allah, Morag."

Bai taɓa kiran sunanta ba sai ranar. Wannan ya fi shuɗin leɓen tsorata ta. Ta kalli ma'aikaciyar, ta kalle shi, ta kalli ƙofar ɗaki na huɗu. Ta san abin da ya kamata ta yi sarai, ta kuma yi ɗayan.

Ta ratsa ɗaki na huɗu ba ta ga komai ba, takalminta na ƙara a kan katakon daɓe. A na biyar zane ya fi ashirin, rabinsu kuwa teku ne, ko wani abu da za a iya kira teku. Ta zaga bango ɗaya, ta zaga na biyu. Can a lungu ta hango shi, ruwa baƙi ƙirin da wani jan abu a karkace, wanda sai an gaya maka za ka yarda jirgi ne. Firam ɗin faffaɗa ne, ba ado, launin zuma. Ta durƙusa a bakin layin da aka ja a ƙasa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ba ta gani sosai. Ta zazzage jaka tana neman tabarau, makullai suka zube, ta bar su.

Haɗin yana nan, siriri kamar gashi, ko farce ba zai shiga ba. Ta miƙe ta duba na dama, ta ɗaga kai ta duba na sama biyun, don kada ya tambaye ta ta rasa amsa. Duk huɗun ɗaya suke. Ta kwashi makullan ta juya, kuma a karon farko a rayuwarta ta yi gudu a cikin ginin gwamnati.

Yana inda ta bar shi, goshinsa a kan hannuwansa, hannuwan a kan sanda. Ɗalibar tana zanenta, miji da matar sun ƙara gaba.

"Ya riƙe, Mista Geddes," ta ce, tana haki. "Bai tsage ba. Na duba duka huɗun. Ka ji? Ya riƙe."

Idonsa a buɗe yake kaɗan. Ta taɓa kafaɗarsa, sandar ta zame ta faɗi. Sai a lokacin ta yi ihun, wanda ya cika ɗakunan nan duka.

Aka fitar da mutane, aka ja ƙofa. Ma'aikatan motar asibiti suka kwantar da shi a ƙasa suka yi ta fama, tsawon lokacin da ba ta iya ƙiyastawa ba, sannan suka daina. Ta tambayi babbarsu ko da an kira su da wuri da ya rayu. Matar ta ce da zuciya irin wannan, mai yiwuwa duk ɗaya ne. Morag ta so a ce ba ta sa "mai yiwuwa" a ciki ba.

Bayan sun fita da shi ta tsaya a jikin bango ta danna lambar Rhona da kanta, tun kafin asibiti su riga ta. Ta faɗi komai, har da ƙaryar ɗazu, har da barinsa da ta yi. Rhona ba ta yi kuka nan take ba.

"Kin yi mini alkawari, Morag."

"Na yi."

"Na riƙe hannunki."

"Kin riƙe."

Sai Rhona ta sake magana.

"Firam ɗin nan ne, ko? Tun ina ƙarama yake damun mu da shi. Ya gan shi?"

"Bai kai ba. Ni na gano masa."

"To?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ko alama babu."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ban sani ba ko ya ji."

A nan Rhona ta fashe da kuka. Morag ta riƙe wayar a kunne. Ma'aikaciyar ta sake buɗe ƙofa, mutane suka fara shigowa a hankali suna raɗa. A kan bencin, inda ya zauna, fatar ta loɓa, tana tasowa kaɗan-kaɗan. Wani mutum da jiƙaƙƙiyar lema ya zo ya zauna a wurin, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa.