Tsohon Faifan Ikram

Marin farko ya sami Nazeer a sunkuye, sukundireba a hannu, yana kwance bayan wata kwamfuta. Bai ga shigowar kowa ba. Sai ji ya yi kunnensa na hagu ya ɗauki ƙara, 'yan kusoshin da ya jera a murfin kwalba suka watse a ƙasa.

"Kai ne Nazeer mai gyara?"

Wato sai da aka yi marin sannan aka tuna da tambaya. Ƙarti uku ne suka cika shagon, shagon da ko mutum biyu sai sun yi haƙuri da juna. Na gaban ya san shi: Ɗalha, mahauci daga Mandawari, wanda ko a ranar farin ciki fuskarsa ba ta sakuwa. Ya cusa masa waya har tana taɓa hancinsa.

Hoton wata budurwa ne, kai ba ɗankwali, kafaɗu a waje, daga ita sai ɗaurin ƙirji, tana dariya a gaban madubi.

"Ƙanwata ce Sa'adiyya. Asabar za a ɗaura mata aure. Tun jiya hoton nan yake yawo a wayoyin unguwa, har dangin miji sun gani. Ikram mai kwalliya ce ta ɗauka ranar gwajin kwalliya, kuma ta rantse babu wanda ya taɓa kwamfutarta sai kai."

Nan take Nazeer ya tuna.

Sati uku ke nan da Ikram ta kawo masa kwamfutar, tana ƙorafin sai ta kunna ta tafi ta yi alwala ta dawo ba ta gama tashi ba. Ya ce faifan ajiyar ne ya tsufa, a sa mata sabo mai sauri, wanda ake kira SSD. Ya jona sabon da kwamfutar, ya kwashe komai da komai, tun daga Windo har hotunan amare, ya juye a kai. Ya cire tsohon, ya ɗaura sabon, kwamfuta ta buɗe kafin Ikram ta gama gyara mayafi. Da ya miƙa mata tsohon faifan sai ta ce, "Ni me zan yi da shi, Malam Nazeer? Ka riƙe. Amma don Allah a goge, sirrin mutane ne a ciki."

Ya ce to. Kowane mai gyara a layin nan yana cewa to. Sai dai gogewar kirki tana cin awanni, wuta kuma ba ta zama, don haka tsohon faifai a kwalin taliya ake jefa shi a ƙarƙashin tebur da niyyar anjima. Duk Juma'a Isyaku mai sayen tsofaffin kaya yakan zo ya kwashe kwalin gaba ɗaya. Juma'a uku ya zo tun daga ranar.

"Ban goge ba," in ji Nazeer, bakinsa yana ɗanɗanon jini. "Ina jin ya bi kayan da na sayar. Wallahi ban buɗe hoton kowa ba, mantuwa ce."

Da ya sani, da ya haɗiye maganar. Ɗaya daga cikin ƙartin ya shaƙo wuyan rigarsa ya buga kansa da kanta, ɗayan ya harbe teburin ya kife. Kwamfutocin mutane biyu suka tarwatse. Suka yi ta ƙwallo da shi, ciki, haƙarƙari, baya, yana kiran sunan Allah yana kare fuska. Layin ya cika da 'yan kallo, kowa yana cewa a yi haƙuri daga inda duka ba zai same shi ba.

Ɗalha ya ɗauko batirin na'urar ajiye wuta daga lungu, mai nauyi kamar dutsen niƙa.

"Wanne hannu kake aiki da shi?"

Ba su jira amsa ba. Suka take masa na dama a kan siminti, Ɗalha ya sakar masa batirin a kai. Ƙarar da ƙashin ya yi ta fi ihunsa shiga kunne.

Baba Ilu ne ya ratso taron, dattijon marini daga Ƙofar Mata, hannayensa shuɗi har gwiwa. Ya tsaya tsakaninsu.

"Ɗalha, kisa za ka yi? In ka kashe shi hoton zai koma inda ya fito? Fita, ko na je na kira uwarka ta gani da idonta."

Ɗalha ya tofar da yawu. A bakin ƙofa ya juyo ya nuna tsallaken titi da yatsa.

"Allah ya taimaki waccan da ka amsa laifinka. Da yau sai na ƙona shagonta, ita kuma ta bar unguwar nan."

Sai a lokacin Nazeer ya hango Ikram. Tana tsaye a jikin katanga, leɓenta a kumbure, hijabinta a yage ta kafaɗa, 'ya'yanta mata biyu marayu sun ƙanƙame ta. Ashe da ita aka fara.

Taro ya watse kamar ba a yi ba. Baba Ilu ya ɗaure masa hannun da rawaninsa, ya ce a tashi a tafi wurin mai ɗori kafin ya kumbura. Nazeer ya dafa bango zai miƙe, sai idonsa ya sauka a gindin bangon, inda teburin yake a da.

Wani faifai ne kwance a wurin, yanar gizo ta lulluɓe shi. Da alama zamewa ya yi ta bayan tebur, bai taɓa shiga kwalin ba. A jikinsa akwai farar salatif, da rubutun hannun Nazeer: Ikram kwalliya, a goge.

Ya zauna daɓas. Faifan bai taɓa barin shagon ba. Ko ta ina hoton ya fita, ba ta nan ba ne. A banza aka karya shi, a banza ya amsa laifi.

Baba Ilu ya ɗauka, ya kai kusa da ido, ya karanta a hankali.

"Allahu akbar! Ai wannan shaidarka ce, ɗana. Tashi mu kai wa mai unguwa yanzu, a kira Ɗalha ya gani. Sai ya biya ka hannunka."

"In ya gani, kan wa zai koma, Baba?"

Su biyun suka dubi tsallaken titi. Ikram tana nan ba ta tafi ba, ƙaramar 'yar tana goge mata leɓe da gefen hijabi.

Nazeer ya daɗe yana kallon hannunsa da ke naɗe cikin rawani. Wata nawa zai yi bai riƙe sukundireba ba, shi ma bai sani ba. Kuma har abada a layin nan sunansa wanda ya sayar da sirrin amarya.

"Baba, miƙo min gudumar can."

Ya ajiye faifan a kan siminti, daidai inda aka take masa hannu. Bai saba da hagu ba, bugun farko ya kauce ya fasa simintin. Na biyu ya samu. Ya yi ta bugu har ƙarfen ya lotse, abin da ke ciki ya yi ƙarar fasassun kwalabe.

"Don me ka yi haka?" in ji Baba Ilu a hankali.

Nazeer ya ajiye gudumar, yana haki.

"Cewa ta yi a goge."