Bututun da Hajja ta zaɓa

Hoton Zarami ɗaya ne ya rage a duniya, shi ma ba da saninsa aka ɗauka ba. Shekarun baya 'yan fim suka zo daga Kano yin aiki a kogi ta wajen Auyo, shi ya tsallakar da su a kwalekwalensa. Da fostar fim ɗin ta fito, ga jarumi da jaruma sun cika tsakiya suna kallon sama, ga Zarami can gefen dama a tsaye da filafili, fuska a murtuke kamar wanda aka taso daga barci. Katinsa na zaɓe ambaliya ta tafi da shi. Shi kansa ya rasu. Fostar ce ta rage a bangon ɗakin matarsa Hajja, kuma kullum da safe sai ta share mata ƙura da gefen mayafi.

Sai ɗansu Ari, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya haɗu da wani malamin jami'a a Kano mai tara tsofaffin fostoci. Malamin ya ce fostar wannan fim ɗin ce kaɗai ya rasa. Ari ya yi masa alkawari a tsaye, har da rantsuwa, bai tambayi kowa ba.

Da Hajja ta ji, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma ba ta son a ce ɗan Zarami ya karya alkawari, don haka ta ce to.

Malamin ya bugo waya da sharuɗɗa. Kada a ninke, kada salatif ya taɓa ta, a shimfiɗa farar takarda a kai, a naɗe a hankali, a sa a abu mai ƙarfi wanda ruwa ba ya shiga. Ya faɗi komai, Allah ya sani. Abu ɗaya ne bai zo masa a rai ba.

Aka kira Auta, mai ɗaure kwalayen bandar kifi a kasuwar Haɗeja. Auta ba ya tambayar abin da ke cikin kaya, shi dai ya isa lafiya. Ya ce bututun roba na ban ruwa za a samu. Hajja ta ce akwai ragowar na gonar shinkafa a bayan ɗaki, ita za ta ɗauko. Guda uku ne a wurin. Ta daɗe tana gwada su da hannu kafin ta fito da ɗaya.

Auta ya wanke shi, ya shanya, ya naɗe fostar yadda aka ce, ya zura. Sai ta leƙo waje da kamar faɗin tafin hannu. Ari ya ce bari ya hau babur ya sayo dogo, Hajja ta ce ya yi sauri.

Ƙarar babur na ɓacewa ta miƙa wa Auta almakashi.

"Rage ta nan, ta dama."

"Hajja, akwai mutum a wurin."

"Na san shi. Yanka dai, ka bi a hankali ta wajen kafaɗarsa."

Auta ya yanka. Ya toshe bakunan bututun biyu da leda da robar taya, ya ɗaure tamau. Ko da Ari ya dawo da sabon bututu, sai aka gaya masa fostar ta shiga da aka sake gwadawa. Ya yi murna, ya kai tasha da kansa ya ba direba.

Bayan kwana biyu malamin ya kira, Ari ya sa wayar a amsa-kuwwa don Hajja ta ji godiya. Malamin ya yaba ɗaurin, ya ce ko daga Turai ba a taɓa aiko masa da kaya haka ba. Sai dai, in ji shi, ga bakin filafili a gefen dama, babu mai riƙe da shi.

Ari ya ɗaga kai. A bango, inda fostar take a da, ga wata 'yar siririyar takarda an kafe da ƙusa, babansa na harararsa. Kunya ta rufe shi.

Hajja na tsince tsakuwa a shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gaya masa mai kwalekwalen ya tsallakar da su, ya dawo gida."