Daɓen Soron Hajja Dela

A Jidda ruwan sama da sanyi yake zuwa. Sai a yi wata da watanni ba a ga ɗigo ba, rana ɗaya hadari ya taso daga wajen teku ya zubar da na shekara guda tsakanin azahar da la'asar. Mutanen garin suna kiran lokacin shita, kuma duk mai tsohon gida yakan fara ɗaga kai yana duban rufinsa da zarar iska ta juya.

Gidan Hajja Dela yana cikin wani lungu a unguwar Ammariyya: ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, bangon dutsen teku, rufin itace da tabarma da ƙasa a kai. Mijinta Haladu ne ya gina shi bayan sun zo aikin hajji ta Sudan suka zauna. Ya rasu ya bar ta a ciki. A shitar 1973 rufin ya yi yoyo, yaɓen ciki ya rufto kan gadonta. Tana tsakar gida a lokacin tana kwashe shanya.

Da shita ta sake gabatowa, ɗanta Abdulghani ya zo da magana. Haifaffen Jidda ne, yana aikin walda a unguwar masana'antu, yana zaune da iyalinsa a Khumra, can bayan gari. Ɗan fari ne, don haka Dela ba ta kiran sunansa.

"Inna, halas, ya isa haka," in ji shi. "Na kawo magini ya duba. Ya ce bangon ba zai ɗauki siminti ba, ƙasar rufin kuma ta mutu. Akwai ɗaki a Khumra, da fanka, da famfo a bakin ƙofa."

"Da wa zan yi hira a Khumra? Da buhunan siminti?"

"Da jikokinki."

"Waɗanda in na ce su miƙo mini ludayi sai su tsaya suna kallon uwarsu?"

"Inna, ba wasa na zo yi ba. Bara saura kaɗan a ciro ki daga ƙarƙashin ƙasa."

Dela ta ɗaga kai ta dubi inda yaɓen ya faɗo. Tabarmar rufin tana nan a fili, ta yi baƙi.

"Kai, ka bar ni da shitar nan," ta ce. "In ɗigo ɗaya ya sauka a ɗakin nan, da ƙafata zan shiga motarka. In bai sauka ba, kada ka ƙara kawo mini zancen Khumra."

"Wa zai gyara?"

"Ba kai ba."

Ya yarda, don ya tabbata ruwan farko zai gama musun.

Washegari Dela ta je wajen Mastura, ƙawarta, Bahaushiyar Sudan mai sayar da gyaɗa da ƙuli a bakin titi. Ta gaya mata daɓe za ta yi a kan soro.

Mastura ta ajiye mudun gyaɗa. "Yaya Dela, daɓe ai na ɗakin amarya ne. Wa ya taɓa daɓe sama?"

"Uwata. Duk shekara kafin damina muke hawa. Soronmu bai taɓa jiƙa mana tabarma ba."

"Can akwai makuba ta ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa daɓe. Nan ina kika ga ɗorawa?"

"Akwai bagaruwa wajen majema. Mutanenku ne ke kawo ta."

"Garad? To ai fata ake jema da ita."

"In ta hana fata ruɓa, za ta hana ƙasa shan ruwa. A garinmu in makuba ta yi wuya da ita muke yi."

Mastura ta yi dariya, ta ce ta ji, amma ita ba za ta hau tsani ba sai an riƙe mata.

Shiri ya ci makonni. Ƙasar Jidda gishiri ce, ba ta kama jiki, sai da Dela ta sa wani mai amalanken jaki ya kawo mata jar ƙasa daga gindin duwatsun hanyar Makka. Ta tankaɗe ta, ta gauraya da ƙananan tsakuwa. Wani kafinta ya sassaƙa mata madaɓai daga katakon akwatunan tashar jirgin ruwa, bayan ta zana masa siffarsu a ƙasa da yatsa, don bai taɓa ganin madaɓi ba. Ta daka bagaruwa ta jiƙa a cikin duro har ruwan ya koma kamar baƙin shayi. Warinsa ya cika lungun.

Ranar aiki, bayan an karya kumallo, mata suka taru. Yawancinsu tsofaffi ne, wasu rabonsu da madaɓi tun suna 'yan mata a ƙasar Hausa. Suka kankare matacciyar ƙasar, suka zuba sabuwa, suka karkata ta zuwa wajen indararo. Sannan suka jeru a durƙushe. Ɗaya tana yayyafa ruwan bagaruwa, sauran suna bugu. Da farko bugun ya watse, kowa da nata. Da Mastura ta ɗauko waƙa sai hannaye suka haɗu, har ana jin sautin daga bakin titi.

Tsallaken lungun akwai gidan Abdulwahid, ɗan kasuwa mai shagon yadi, jikan alhazan da suka zo tun zamanin Turkawa. Lungun bai fi mutum ya miƙa hannuwansa biyu ba. A shekarar ya ƙara bene a kan gidansa, ya shafe bangon da farar ƙasa tun daga sama har ƙasa, tagar ɗakin baƙinsa kuma ta zo daidai da soron Dela. Hausarsa ta ji Larabci.

Ya buɗe tagar, ya kau da kai gefe.

"Ya Hajja! Esh hada? Mene ne haka? Mata a sama da rana tsaka, hannu a waje, da waƙa? Aib! Ina da baƙi."

Dela ba ta daina bugu ba. "Ina kwana, Abdulwahid."

"Lafiya. Ki sauko da su, Allah ya ba ki haƙuri. A kira ma'aikata maza."

"Soron nan ya girmi tagarka. Ranar da ka huda ta ba ka tambaye ni ba. In baƙinka ba sa son gani, tagar tana da murfi."

"Zan kai magana wajen umda."

"Ka gaishe shi. Ka ce masa ni na yi wa uwarsa wankan jego."

Matan suka fashe da dariya. Mastura ta sa sunan tagar a cikin waƙa. Abdulwahid ya rufe ta da ƙarfi. Bai je wajen umda ba, wato mai unguwa, a ranar.

Suka yi ta dawowa har daɓen ya kama. Ya bushe ya yi ja-ja yana ƙyalli, in an ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar tukunya. Dela ta ƙara masa ruwan bagaruwa har sai da duron ya ƙare, don a ganinta yawansa ba ya ɓata komai. Ta gyara indararon da kanta, na gwangwanin kananzir ne da Haladu ya naɗe, bakinsa yana kallon lungu kamar yadda yake tun farko. Babu wadda ta tsaya ta dubi abin da ke gaban bakin.

Ruwan ya zo wata ranar Talata bayan azahar. Sama ta yi duhu daga yamma, iska ta kwashe kwalaye a titi, sai ya sauko gaba ɗaya. Dela ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ba ta jera kwanoni a ƙasa ba kamar bara. Ta naɗe hannu tana sauraron indararo yana zuba.

A waje, ruwan da ke fitowa daga soron ja ne wur. Ƙarfinsa ya sa yana tsallake lungun yana dukan farin bangon Abdulwahid, yana gangarowa. Kafin a jima bangon ya yi wani dogon jan tabo tun daga ƙarƙashin taga har ƙasa.

Abdulwahid ya leƙo ya gani. Ya yi kira, ƙarar ruwa ta danne muryarsa. Sai ya ɗauko tsumman buhu ya naɗa a kan sandar gora, ya miƙa ta taga ya cusa a bakin indararon, ya danna har ya toshe.

A ɗaki Dela ta ji zubar ta tsaya alhali ruwan sama bai rage ba. Soron yana da ɗan bango kewaye da shi. In indararo ya toshe, ruwa ba shi da wata hanya sai ƙasa. Ta ɗaura zane a ƙugu, ta ɗauki taɓarya, ta fita ta kama tsani.

Ta tarar ruwa ya kai idon sawu. Ta taka a hankali, don sabon daɓe yana da santsi, ta isa bakin indararo ta durƙusa. Abdulwahid yana tsaye a taga da gorarsa.

"Hajja, dubi bangona! Dubi! Wallahi jiya-jiya aka gama shi!"

"Na gani. Cire tsummanka."

"Ba zan cire ba sai ruwa ya tsaya!"

Ta saita taɓaryar a ramin daga ciki, ta buga. Bugu na farko bai yi komai ba. Ta gyara zama ta sake. Tsumman ya fita kamar toshiyar kwalba, jan ruwa ya bi bayansa ya daki bangon har ya fantsama cikin tagar. Abdulwahid ya ja baya, ya dawo da wani tsumman. Ya miƙo gorar, Dela ta kama kan gorar da hannu biyu.

"Saki, ya Hajja!"

"Kai ka saki. Bango ana sake shafa shi. Ni in ɗakin nan ya jiƙe, Khumra za a kai ni."

A haka Abdulghani ya same su. Tun da hadari ya haɗu ya aro motar ɗaukar kaya ta wurin aikinsu, ya biyo tituna cike da ruwa don ya kwashe ta da kayanta. Ya shiga ɗaki bai gan ta ba. Ya fito tsakar gida ya ɗaga kai, ya hango uwarsa a durƙushe a bakin soro, jiƙe sharkaf, tana jan gora da maƙwabci.

"Inna! La ilaha illallah! Sauko!"

"Kai, ka shiga ɗakin?"

"Na shiga. Sauko, yalla!"

"Ka ga ɗigo?"

Ya hau tsanin.

"Tambayarka nake. Ka ga ɗigo?"

"Ban gani ba."

"To ka tsaya nan ka ga wanda yake so ka gani."

Abdulghani ya dubi gorar, ya dubi jan bangon, ya dubi ruwan da ke kwance a soron yana raguwa. Ya sa hannu ya karɓi kan gorar daga hannunta. Ya yi wa Abdulwahid magana da Larabci, a taƙaice, ba tare da ɗaga murya ba. Abdulwahid ya saki. Abdulghani ya kwanta rub da ciki a bakin soron, ya miƙa hannu ya kama leɓen indararon ya lanƙwasa shi ƙasa. Gwangwanin ya yanke shi a tafin hannu. Ruwan ya daina tsallake lungu, ya koma zuba a gindin bangon Dela.

"Da ma haka kika yi tun farko," in ji shi.

"Ubanka ne ya sa shi haka. Lokacin babu bangon kowa a wurin."

Ya ce ta sauka. Ta ce sai ruwan soron ya tsiyaye. Suka zauna a kan ɗan bangon, ruwa yana dukansu, har daɓen ya fito fili.

Ruwa ya ɗauke gab da la'asar. Abdulghani ya shiga ɗakunan biyu, ya hau kan akwati ya bi itatuwan rufin da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa kusurwoyi, ya ɗaga katifa. Dela tana bakin ƙofa tana ɗaure masa ɗayan hannun da tsumma mai tsabta.

"Shita ba ta ƙare ba, Inna," ya ce.

"Ka dawo duk ranar da aka yi ruwa. Amma ka bar motar mutane a inda ka same ta."

Ya tafi da motar babu kaya.

Abdulwahid ya kai ƙara wajen umda. Umda ya zo ya duba bangon, ya saurari kowa, ya yanke cewa Hajja Dela ta mayar da shi fari, shi kuma Abdulwahid kada gorarsa ta ƙara tsallake lungu. Dela ba ta yi musu ba. Ta kira Mastura da sauran matan, suka zo da bokitai da tsintsiya, da waƙarsu, suka shafe bangon a gaban baƙinsa. Da farar ƙasar ta bushe, tabon ya sake fitowa ta ƙarƙashinta, ruwan ƙasa-ƙasa. Suka sake shafawa, ya sake fitowa. Abdulwahid ya aiko a gaya musu ya gode, ya isa.

An ƙara yin ruwa a watan da ya biyo baya, wanda ya fi na farko ƙarfi, har ya rushe wasu rufuna a unguwar. Abdulghani ya zo a motar haya, ya hau akwati ya duba, bai ga ɗigo ba, ya sauko. Ya sha shayi, ya tambayi inda ake samun jar ƙasar, ko za a buƙaci ƙari baɗi.

"Za a buƙata," in ji Dela. "Duk shekara ake yi. Ka turo matarka ta koyi riƙe madaɓi."