Keken da Ya Zauna a Shago Goma Sha Ɗaya

Wata bakwai ke nan da aka ɗauke wa Yaya keken ɗinkinta, kuma har yau ba ta gane ko ita ake tuhuma ba ko keken. Kowa a layin Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, saboda da sunan ne ƙaninta Auta yake kiranta tun yana rarrafe. Ranar da jami'ai biyu suka shigo ɗakin ɗinkinta, rigar makarantar wata yarinya ce a ƙarƙashin allura. Suka ce keken shaida ne.

"Shaida kuma?" in ji ta. "Me ya gani?"

Ba wanda ya yi dariya. Suka miƙa mata wata 'yar takarda mai hatimi, suka kinkime shi.

Ga yadda abin ya faru, gwargwadon abin da ta iya haɗawa. Lokacin annoba, da aka rufe kasuwanni, gwamnati ta fito da bashin tallafi don masu ƙananan sana'o'i, kuma sai mutum ya tura hotonsa a wurin aikinsa tare da kayan aiki. Auta, wanda bai taɓa riƙe sana'a ta wuce sati uku ba, ya zo ya ce ta ara masa keken kwana biyu, wai abokinsa ne zai gwada hannu. Aiki babu, keken yana lulluɓe da zane, ta ce ya ɗauka. Ya dawo da shi lafiya lau, har mai ya sa masa. Ashe a kwana biyun nan keken ya zauna a shago goma sha ɗaya, kowanne da allon sunansa da telansa na ƙarya, kuma duk sun samu bashin. Ita kuwa mai keken, da ta cike takarda da gaskiyarta, aka ce hotonta bai fito sosai ba. Da asirin ya tonu aka kama Auta, aka biyo sawun keken.

Tun da aka ɗauke keken take bin na maƙwabciya, sai waccan ta gama nata sannan ta zauna, masu kawo mata ɗinki kuwa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mijinta direba ne da ciwon baya ya zaunar. Wannan keken shi ne tukunyar gidan.

Lauyan gwamnati ya riga ya gaya mata cewa in ta tabbatar keken nata ne, ta faɗi wanda ta ara wa, za a mayar mata bayan hukunci. Ana gobe zaman kotu sai ga Umma, mahaifiyarsu, ta shigo da lauyan Auta, wani mai yawan duba agogo.

"Magana ɗaya ce," in ji lauyan. "Ki ce ba ki san shi ba. Ba su da abin da ya haɗa Auta da hotunan sai ke."

"To in na ce ban san shi ba, wa za a ba?"

"Sai a yi gwanjonsa."

"Ni kuma in yi ɗinki da me? Kuma ai daga ɗakina suka ɗauka."

"Sun ɗauki keke a ɗakinki. Ba su ce shi ne na hoton ba. Sun ce, amma ba su tabbatar ba. Kin gane?"

Ba ta gane ba. Kanta ya ɗaure tam. Umma ta dube ta ta ce, "Ke dai ki tuna ciki ɗaya kuka fito."

Washegari aka kira ta gaban alƙali. Auta yana zaune a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, har ta kama kanta tana auna inda za ta rage. Lauyan gwamnati ya riƙa ɗaga hotuna ɗaya-ɗaya. Ga wani ƙato ya zauna ta bayan keken, inda ko makaho ba zai zauna ba. Ga wata ta riƙe almakashi kamar za ta yanka kaza. Haushi ya turnuƙe Yaya, ta rasa ma haushin wa take ji.

"Kin san wannan keken na hoto?"

Ta kau da kai daga hoton. "Ranka ya daɗe, keke ai duk kamarsu ɗaya."

"Na ɗakinki fa, yana da wata alama?"

"Ban... ban lura ba."

Ta hango Umma tana gyaɗa kai. Alƙali ya ce a shigo da keken a gwada da hotunan. Masinjan kotu ya turo shi daga ɗakin ajiya, ya yi ƙura, an liƙa masa lamba a gefe. Da ya zo 'yar matattakalar da ke gaban alƙali sai ya cafki kan keken zai ɗaga.

"Kai! Ba ta nan ba!" Muryar Yaya ta cika ɗakin. "Ka tallabo ta ƙasa, maƙalin baya a tsage yake, zai ɓalle!"

Masinja ya saki keken kamar ya taɓa wuta. Lauyan gwamnati ya ɗauko hoto na huɗu, wanda aka ɗauka ta baya, ya ajiye yatsa a kan tsagar. Sannan a hankali ya tambaye ta wa ta ara wa. Ta dubi Auta, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ta faɗi sunansa tana kuka.

Bayan sati uku aka yanke wa Auta shekara biyu. Yaya ta ɗauki 'yar takardarta mai hatimi ta je ofishin kotun, aka tura ta wannan taga, aka tura ta waccan, har ta samu wani magatakarda mai haƙuri.

"Ki dawo bayan kwana talatin," in ji shi. "In ba a ɗaukaka ƙara ba, ki zo da mota ki ɗauki abinki."

"In an ɗaukaka fa?"

"Sai ya zauna har a gama. Shekara biyu, uku, wa ya sani."

Ta fito tana ƙirga kwanaki a yatsu, zuciyarta ta ɗan yi sanyi, sai kuma ta ji kunyar sanyin.

Tun ranar kotu Umma ba ta amsa gaisuwarta. Amma da yamman nan da Yaya ta biya gidan Umman, sai ta ji an ce, "Zo ki zauna nan." Ta zauna a bakin tabarma, daɗi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa.

"Na yi magana da lauya," in ji Umma. "Za mu ɗaukaka ƙara. Gobe ki raka ni. Ke kika sa shi a ciki, ke za ki taya ni fito da shi."

Yaya ta buɗe baki za ta yi bayanin kwana talatin ɗin. Sai ta ga Umma tana kallonta ido cikin ido, karon farko cikin sati uku, idanun duk sun faɗa. Ta ninke takardar a tafin hannunta.

"Da safe za mu tafi, Umma, ko sai rana ta yi sanyi?"