Tsintsiyar Kofur Jatau

Daren jiya na yi wani mafarki, wai an ɗauke ni aikin soja, ni da ko kaza ba na iya riƙewa a yanka. Zamanin Turawa ne. Na ga kaina tsaye a rana da gajeren wando na kaki da jar dara, da wasu takalma da kowane ɗaya zai ɗauki ƙafafuna biyu har da saura. Ga bindiga a kafaɗa. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne ban karya ba.

Wurin wani gari ne na fursunoni a tsakiyar fili, bishiya ɗaya tak a cikinsa. Akwai babbar ƙofa ta ƙarfe, da kwaɗo, da mai gadi, amma babu katanga. Ƙofar ita kaɗai aka kafa.

Wani dogon mutum mai igiya biyu a hannun riga ya zo ya gyara mini zaman dara. Furfura ta cika masa kai. Ya ce sunansa Kofur Jatau, kuma a ƙarƙashinsa nake.

Na ce, "Kofur, ina katangar?"

Ya ce, "Ba a gina ba."

"To me ya hana su gudu?"

"Hanya. Duk wanda ya fita ba lokacinsa ba, hanya ce ke dawo da shi. Ni da kaina na gwada. Kwana uku ina tafiya gabas, sai na ɓullo ta bayan kicin."

"To mu me muke gadi?"

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kurtu, bakinka ya yi yawa. Goge takalminka."

Zaman wurin ba wuya. Da safe mai bigila zai busa, rana ta fito. Ran da ya makara ita ma sai ta makara, mu yi ta tsayuwa muna jiran su biyun. Daga nan sai fareti. Bayan fareti a yi rabo: gari, da gishiri, da inuwa. Inuwar gwargwadon muƙami ake ba da ita. Tawa ta kurtu ba ta fi faifai ba, sai in zaɓa, ko kai ko kafaɗa. Ran Alhamis ake ruwa, kuma daga ƙasa yake tasowa, saboda haka ƙasan haɓa ne ke fara jiƙewa. Sauran kwanaki kuwa goge bindiga ne da mai, safe da yamma, ko da yake ban ga wanda ya taɓa harba ta ba.

Fursunoni aikinsu shara. A nan ne na ga abin da ya ɗaure mini kai. A garin ba a yanke wa mutum shekaru, tsintsiya ake ba shi. Mai ƙaramin laifi a ba shi 'yar siririya, mai babba a ba shi mai kauri. Zai yi ta shara da ita har ta cinye. Ran da ta koma guntu, sai ya je ya nuna wa ƙofa, hanya ta miƙe masa har gida. Sun share garin har ya lotsa kamar kwano. Da la'asar mu sojoji mu kwaso ƙasar da suka tara mu mayar inda take, don su sami aikin gobe.

Na ce, "Kofur, mu ina namu tsintsiyoyin?"

Ya ce, "Mu bindiga aka ba mu."

"Ita yaushe take cinyewa?"

"Wadda kake shafa wa mai sau biyu kullum?"

Tun daga ran nan na lura da yadda sojoji ke kallon fursuna idan ya zo wucewa da guntunsa. Ƙyashi ne ƙarara, ba wani abu ba.

Ofis kuwa a gindin bishiyar nan yake. Baturen garin ya tafi hutu shekara goma sha tara da suka wuce, ya bar hularsa a kan tebur, ita ke mulki. Inuwar bishiyar duk tata ce. Tafintanta wani hankaka ne mai farar 'yar ciki, kullum tsaf da shi. In an kawo magana sai ya sa kunne a bakin hular, ya daɗe yana gyaɗa kai, sa'an nan ya juyo ya ce, "Bature ya ce." Na taɓa leƙa ƙarƙashinta da hankaka ya fita shan ruwa. Ba komai sai wani gizo-gizo da iyalinsa.

Sai ga mu a bakin ƙofa ana shigo da sababbin fursunoni. A cikinsu akwai wani dattijo mai suna Tunau, wanda aka kamo saboda ya ƙi fita aikin tilas na layin dogo. Yana ganin Kofur ya tsaya cak.

"Jatau? Jatau na Tabawa?"

Kofur ya ƙame, ya ce, "Ni ne."

"To Iya Tabawa ta ce in na gan ka in gaya maka ta gaji. Shekararta ɗari da talatin. Mutuwa ta zo mata sau uku, tana ba ta ruwa ta sha, tana ce mata ta je ta dawo, ɗanta bai zo ba tukuna. Ta ce ba wanda zai rufe ta sai kai. Duk sa'o'inta sun tafi, jikokin sa'o'inta ma sun fara tafiya. Ta ce don Allah ka zo ka sallame ta."

Kofur ya miƙa wa Tunau tsintsiyarsa, ya nuna masa inda zai fara. Da muka koma bariki ya zauna a bakin gado, ya cire dara ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "Kurtu, dole in sami tsintsiya."

"Ta yaya?"

"In yi laifi a ɗaure ni."

Washegari yana kan gadi da rana tsaka ya shimfiɗa bargo a bakin ƙofa, ya yi matashi da bindiga, ya yi ta minshari har ƙasa na motsi. Ni ya sa na kai ƙararsa. Hankaka ya saurari hula, ya juyo.

"Bature ya ce sojan da ke barci ba ya tambaya. A ƙara masa igiya."

Ya zama Saje. Ni dai Kofur na ci gaba da ce masa, bakina ya riga ya saba.

Bayan kwana biyu ya ɓalle kwaɗo, ya wangale ƙofa, ya tsaya yana kiran fursunoni su zo su wuce. Suka dube shi kamar ya zare. Biyu daga cikinsu suka ajiye shara suka zo suka rufe ta, suka ce iska na ɓata musu aiki. Hankaka ya ce Bature ya ce madalla, dama garin na bukatar shan iska. Aka yi masa Samanja.

Laifi na uku ya fi duka. Ya taka har gindin bishiya, ya naɗe hannun riga, ya sharara wa hular mari. Ta yi juyi uku a kan tebur ta tsaya. Hankaka ya matso a hankali ya sa kunne.

"Bature ya ce shekara goma sha tara ba wanda ya kakkaɓe shi sai yau."

Da yake babu sauran muƙamin da ake ba baƙar fata, sai aka yi ta jera masa igiyoyi daga kafaɗa har wuyan hannu. Inuwarsa ta zama kamar rumfar mai shayi. Ya zauna a cikinta shi kaɗai, ko abinci ba ya ci. Wallahi ya ba ni tausayi.

Na ce, "Kofur, ko sata za ka gwada?"

Ya ce, "Su naɗa ni ma'aji? Bar shi, kurtu. Na haƙura."

Gari ya waye muna fareti. Shi ne a gaba, yana ba da umarni da muryar da ba tasa ba. Tunau ya zo wucewa da shara ta gefenmu. Gaisuwa kawai ya yi masa irin ta garinsu. Sai na ga haɓar Kofur tana rawa. Hawaye guda ɗaya ya gangaro ta gefen hancinsa, ya tsaya a leɓe, ya ɗiga a aljihun rigarsa.

Hankaka ya taso fir daga kan tebur. Ya zagaya shi, ya duba ɗigon da idon dama, ya sake dubawa da na hagu. Ya koma wajen hula da gudu.

"Bature ya ce an ɓata kakin gwamnati! A kama shi!"

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da ankwa haka ba. Shi da kansa ya miƙa hannu. Sojoji na ta yi masa barka, wani har yana tambayarsa yadda ake yi hawaye ya zo. Aka tuɓe masa kaki da takalma, aka ba shi rigar fursuna, aka ce a kawo tsintsiya.

Mutum takwas ne suka ɗauko ta, suna nishi. Kaurinta ya kai gindin giginya.

Na ce wa hankaka, "Ranka ya daɗe, don ɗigo ɗaya?"

Ya ce, "Gwargwadon igiya ake ɗaure tsintsiya. Ƙirga na hannun kakinsa."

Kofur ya rungume ta ya gwada ɗagawa. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sake gwadawa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Daga nan ya zauna a ƙasa kusa da ita ya dafa ta. Ya ce, "Iya, sai ki ƙara haƙuri." Kowa ya san ko shekara ɗari zai yi yana shara ba zai ga ƙarshenta ba.

Tunau ya jingina da tasa tsintsiyar yana kallo. Can sai ya tako, ya sunkuya, ya zare tsinke ɗaya daga ta Kofur, ya cusa a cikin tasa.

Kofur ya ce, "Baba Tunau, ka ƙara wa kanka kwanaki fa."

Ya ce, "Na sani. Ni tawa uwar ta riga ta huta."

Wani fursuna ya biyo bayansa ya zare biyu. Wani, wanda saura kwana uku tasa ta ƙare, ya tsaya yana duban guntunsa, ya yi tsaki, ya zare dunƙule guda. Suka yi layi har bayan kicin. Hankaka ya yi ta sa kunne a hula yana cirewa, amma da alama Bature bai tanadi magana a kan wannan ba. Da layin ya ƙare, abin da ya rage bai fi a kama da hannu biyu ba. Amma ko shi ɗin aikin shekaru ne, kuma fursunoni sun ƙare.

Mu sojoji muna tsaye a jere da bindigogi. Na tambayi na kusa da ni, "In soja ya zari tsinke, me zai same shi?"

Ya ce, "Ba a taɓa yi ba."

"To wa zai sani?"

"Ba kowa."

Ba zan yi ƙarya in ce jarumta ce ta fitar da ni daga layi ba. So nake in ga abin da zai faru. Na je na zare tsinke ɗaya, na tsaya da shi a hannu ina jiran sama ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Mai bigila ya biyo ni, sai mai gadin ƙofa, sai sauran duka, kowa da bindiga a hannu ɗaya, tsinke a ɗaya.

Tsinke bakwai suka rage wa Kofur. Ya sunkuya ya fara shara daga inda yake, yana nufar ƙofa. Kafin ya isa sun cinye. Ya ɗaga guntun ya nuna.

Ƙofa ta buɗe. Hanya ta miƙe sambal, ta kuma taƙaita, har muna hango ƙarshenta daga inda muke. Wata 'yar tsohuwa ce zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ƙanƙanuwa ƙwarai, da likkafaninta a ninke a cinya. Kofur ya taka ba takalmi har gabanta, ya durƙusa.

Ta shafa fuskarsa, ta shafa furfurar. Ta ce, "Ka daɗe."

Ya ce, "Aiki ne, Iya."

"Ka ci abinci?"

"A'a."

Ta ɗauke likkafanin daga cinyarta ta ajiye a gefe. Ta dafa bango ta miƙe. Ta ce, "To zauna in ɗora tukunya. Yanzu kuma ba sauri nake ba."

Ina miƙa wuya in ga ko me za ta dafa masa, sai bigila ta fara wani irin kuka mai karkarwa, ba tsayawa. Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar, rana har ta shigo ɗaki.

Na daɗe a kwance. Daga baya na laluba waya a ƙarƙashin matashi, na kira tsohuwata a ƙauye. Sai da ta yi ƙara sau shida ta ɗauka. Da ta ji muryata sai ta ce, "Lafiya dai ko? Wa ya rasu?"