Mai Gado na Tara

Mu arba'in da biyu aka ɗauka a makarantar koyon aikin jinya a shekarar 1988, cikin mutum wajen ɗari shida da suka cike fom. Sharuɗɗan ba su da yawa, amma kowanne ya isa ya mayar da mutum gida. Ana son kiredit biyar, ciki har da Turanci da ilimin halittu da kimiyya, da takardar shaidar hali daga sakandare, da takardar ƙaramar hukuma mai nuna kai ɗan asalin wurin ne. Sai gwajin lafiya, sai kuma intabiyu a gaban mutum uku da ba sa murmushi. Ni Sabo daga Ɗansoshiya na zo, kuma a layin intabiyun nan na fara ganin Dikko.

Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Burumburum, dogo, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Sau biyu ya zauna jarrabawar fita sakandare kafin ya samu kiredit a kimiyya. Sunansa na yanka Umaru, Dikko kuwa laƙabin ɗan fari ne a wurinsu. A fom ya rubuta Umaru Burumburum, kamar yadda da yawanmu muke ɗaura sunan gari a maimakon na uba. Da aka tambaye shi sunan mahaifinsa a ɗakin intabiyu, sai ya nemi biro ya rubuta a takarda ya miƙa. Suka kalli juna, suka ba shi maki, ya fito yana gumi.

Ɗaki ɗaya aka ba mu a hostal, mu huɗu. Shiga makarantar ba ita ce samun wuri ba, domin watanni shidan farko na gwaji ne. A cikinsu za ka koyi sunayen ƙasusuwa, ka koyi auna zafin jiki da bugun jini, ka yi ta yi wa wata 'yar tsanar roba wanka har ka fi sanin jikinta a kan naka. Kullum farin kaya, kuma ko ɗigon miya aka gani a jiki sai ka koma ka canja. Dutsen guga ɗaya gare mu na gawayi, a kansa muka fi yin faɗa. Abincin kicin wake da shinkafa ne ranar da aka ji tausayinmu, sauran ranaku tuwon da ko an jefe shi da cokali ba ya motsi. A ƙarshen wata shida sai jarrabawar da muke kira tankaɗe. Wanda ya faɗi ana ba shi dama ɗaya ya sake, in ya kuma faɗuwa ya ɗauki akwatinsa.

Dikko ya ci ta rubutu da kyau. A ta aiki, wadda ake yi a kan majinyaci na gaske, ya sa ɗan yatsa ya taɓa audugar da aka dafa don kashe ƙwayoyin cuta, aka kayar da shi. Ni ma an kayar da ni, amma ni na cancanta. Aka sa mana ranar sakewa bayan sati uku, mu tara.

Saura kwana huɗu, na dawo daga masallaci da la'asar na tarar da shi zaune a bakin gado bai cire takalmi ba.

"An kawo Baba," ya ce. "Yana ɗakin maza."

Wani sa ne cikin shanunsu ya soke shi da ƙaho a cinya, can sama. Sun yi kwana goma ana maganin gida, ciwon ya ruɓe, sai ƙanin mahaifin nasa, Baffa Bala, ya ce a kai shi asibitin da ɗansu yake. Na raka Dikko gaishe shi. Abin da na gani ba sabo ba ne a wurina, mu ma muna da kunyar ɗan fari, sai dai tasu ta fi tamu nisa. Dikko ya durƙusa nesa da gadon, ya yi gaisuwa yana kallon siminti. Tsohon ya amsa yana kallon taga. Da yake son sanin ko ana ba ɗansa abinci sosai, sai ya tambayi Baffa Bala, alhali ga yaron a gabansa. Ni kuwa ya riƙe hannuna ya yi ta tambayata mutanen Ɗansoshiya da yadda damina ta yi.

A hanyar komawa na ce wa Dikko ya je ya gaya wa malamai mahaifinsa yana ɗakin, domin doka ce ba a haɗa ɗalibi da ɗan'uwansa a jarrabawa. Ya ce gadaje talatin ne a ɗakin, ba lalle a faɗa kan nasa ba. Gaskiyar magana ba ya son ya tsaya a ofis yana faɗin sunan, ni kuma ban matsa ba.

Ranar jarrabawa aka fitar da 'yan jinya duka waje, har da Baffa Bala. Mai yi mana jarrabawar wata Matiron ce, wato babbar nas, da aka kawo daga Kudu, ko wata bakwai ba ta yi a garin ba. Mace ce mai gaskiya, ba ta da mugunta, amma an riga an ɓata mata rai. A zagayen farko wasu ɗalibai biyu sun ce majinyatan da aka ba su kawunansu ne, don su guje wa ciwo mai wahala, daga baya aka gano ko garinsu ba ɗaya ba. Ta naɗe takardu tara ta zuba a tasa, kowa ya ɗauka. Bibbiyu ake shiga, ɗaya yana aiki, ɗaya yana miƙa masa kaya, kuma ni aka haɗa da Dikko. Ya buɗe takardarsa. Gado na tara, yi wa majinyaci wanka a kan gado da wanke ciwo.

Muka tura turolin kayan aiki har bakin gadon, na ja labule. Tsohon ya ga wanda ya shigo, ya mayar da idonsa taga. Dikko ya tsaya riƙe da katin majinyacin kamar an dasa shi. Matiron ta duba agogon da ke ƙirjinta.

Ni ne na yi magana, da Turanci. Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan mahaifinsa ne."

Ta dube ni, ta dubi Dikko. Ta karɓi katin ta karanta: Hamidu Buba. Ta duba takardar sunayenmu: Umaru Burumburum. Ta ce ba ta ga abin da ya haɗa su ba. Na fara yi mata bayanin yadda muke sa sunan gari, ta ɗaga mini hannu, ta ce ga mai ciwon nan, shi za ta tambaya. Ta sunkuya kusa da shi, ta harhaɗa 'yar Hausar da ta koya.

"Baba, sannu. Wannan yaro, ɗanka ne?"

Ina jin tambayar na san an gama. A bainar jama'a, gaban baƙuwa, gaban yaron kansa, a tambayi dattijon Bafulatani ko ɗan farinsa ɗansa ne. Ya ɗan yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da bai dace ba.

"A'a," ya ce. "Yaron wajenmu ne dai."

"Ba ɗanka ba?"

"Na mutanen gidanmu ne."

Matiron ta miƙe. Ba ta yi faɗa ba, ta ce da ni in na ƙara buɗe baki za ta rubuta sunana a kan ƙarya. Ta ce wa Dikko yana da minti arba'in, in kuma ba zai yi ba ya faɗa mata yanzu, ta rubuta ya ƙi aiki, ya je ya haɗa kayansa. Haushinta na ji a lokacin, amma ko ni ne a matsayinta abin da zan yi ke nan.

Tsohon ba ya jin Turanci, amma ya ga fuskokinmu. Ya yafito ni da hannu.

"Ɗan Ɗansoshiya, me take cewa?"

Na dubi Matiron, ta ce in gaya masa, haƙƙinsa ne ya san abin da za a yi masa. Na durƙusa na ce, "Baba, jarrabawa ce. An ce shi zai yi maka wanka ya wanke ciwon. In bai yi ba, yau za a sallame shi daga makarantar. Amma in ka ce mata ɗanka ne, sai a canja masa wani gadon."

Kalma ɗaya ake nema a wurinsa, kuma na yi zaton zai faɗe ta. Na ga leɓensa ya motsa, ya dubi Matiron, ya dubi labule. Sannan ya miƙa hannu ya jawo rawaninsa daga kan ƙarfen gado, ya warware, ya lulluɓe fuskarsa da shi har wuya.

"To," ya ce daga ciki. "A yi aiki."

Abu na farko a ƙa'ida shi ne nas ya kira sunan majinyaci da baki, don a tabbatar ba a yi kuskuren mutum ba, kuma akwai maki a kai. Dikko ya ɗaga katin, ko da yake ba ya buƙatarsa.

"Malam Hamidu Buba?"

Muryar ba ta yi kama da tasa ba. Daga ƙarƙashin rawanin aka ce, "Na'am."

Daga nan ban ga kuskure ko ɗaya ba. Ya gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu. Ya wanke hannaye da ƙirji da baya, yana buɗe wuri ɗaya yana rufe sauran da zane, yadda aka koya mana a kan 'yar tsanar. Da aka zo ƙasa ya canja ruwa, ya yi abin da ake yi, bai tsallake komai ba. Ya wanke hannunsa, ya sa safar hannu, na buɗe masa tiren kayan wanke ciwo. Da ya ɗaga tsohon bandejin wari ya cika cikin labulen, har Matiron ta ɗan ja baya. Ya yi ta share ruɓar daga tsakiya zuwa gefe, kowace auduga shafa ɗaya ya jefar. Ciwon yana da zurfi, kuma na san yana da zafi, domin na ga yatsun ƙafar tsohon suna naɗewa. Bai yi ko tari ba. Dikko yana faɗin kowane mataki kafin ya yi shi, kamar yadda doka ta ce, "Zan ɗaga ƙafar," "Zai yi ɗan zafi," yana magana da rawani.

Minti talatin da huɗu ya yi. Matiron ta duba ɗaurin, ta sa yatsa a gefensa ta ji bai matse ba, ta yi rubutu. Ta ce da tsohon, "Sannu, Baba," ta wuce gado na gaba, inda ni kuma na yi nawa aikin Dikko yana miƙo mini kaya. Da muka fito ya tsaya a bakin famfo ya daɗe yana wanke hannu. Bai ci abincin rana ba.

Washegari da hantsi aka kafe sakamako a allo. Cikin mu tara shida suka tsallake. Sunan Umaru Burumburum ne a sama, da maki mafi yawa da aka bayar a zagaye biyun duka. Nawa yana na biyar. Masu murna suna ta ihu, ukun da suka faɗi sun zame sun tafi hostal. Dikko ya karanta sau ɗaya, ya ce in raka shi ɗakin maza.

Gado na tara babu kowa, an yaye zanen, katifar roba ce kawai. Sistar da ke aiki ta ce tun da sassafe tsohon ya ce a sallame shi. Likita ya ce ciwon yana buƙatar aƙalla sati biyu ana wankewa, an yi masa bayani, an kira mai jin Fulatanci ya sake yi masa, ya ce ya ji ya gode. Ya dangwala yatsa a takardar cewa shi ya fita da kansa. An ba su magani da bandeji, an ce su riƙa zuwa asibitin da ya fi kusa da su.

Muka samu Baffa Bala a bakin ƙofar asibitin, zaune a kan tabarmarsu da ya naɗe. Ya ce ya riga ya sa yayan nasa a motar Tudun Wada mai bi ta wajensu, ana jiran ta cika, ya dawo ne don an ba shi saƙo. Dikko ya durƙusa. Baffa Bala ya yi maganar da Hausa, ina jin don ina wurin ne.

"Ya ce a gaya wa yaron nan ya iya aiki, hannunsa ba nauyi. Ya ce ya riƙe karatunsa da kyau." Ya ɗan tsaya yana gyara igiyar tabarmar. "Ya kuma ce in an ba ku hutu, ka yi zamanka a nan tukuna. In lokacin zuwa ya yi, za a aiko."

Dikko ya ce, "To, Baffa."

Baffa Bala ya saɓa tabarmar ya nufi tasha. Tashar ba ta da nisa, daga inda muke ana hango motocin. Na ce wa Dikko ko mu bi shi, ko daga nesa ne ya ga tashinsu. Ya miƙe ya kaɗe gwiwar farin wandonsa, ya ce ƙarfe goma sha ɗaya aka ce waɗanda suka ci su je sito a auna su, za a ɗinka musu kayan 'yan shekarar farko. Muka juya muka koma ciki.